An ba Baba takardar "kada ka ci", ga shi ya rame: wai me mai ciwon suga zai ci ne?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Wata huɗu ke nan da aka gano mahaifinmu yana da ciwon suga, ga kuma hawan jini da ya daɗe yana fama da shi. Ranar da aka sallame mu daga asibiti, ba sai na kama suna ba, wata ma'aikaciya ta miƙo min takarda da aka yi ta yi wa hoto har rubutun ya dusashe. A sama an jero abin da ba zai ci ba: shinkafa, tuwon masara, tuwon dawa, doya, dankali, rogo, burodi, taliya, fura, koko, mangwaro, ayaba, dabino, jan nama, manja, gishiri. A ƙasa layi ɗaya tak: acha, alkama, wake, ganye. Na ce, "Sista, to yaya za a dafa, kuma nawa zai ci?" Ta ce in bi takarda kawai, akwai mutane a bayana.

Muka bi takarda. Umma ta ware masa 'yar tukunyarsa daban, ba gishiri ba magi, lami salam. Baba kuwa tun tasowarmu bai taɓa cin abincin dare shi kaɗai ba, ciyayya suke yi da maƙwabta a ƙofar gida bayan magariba, kowa a fito masa da nasa a haɗa. Tunda aka ware shi ya daina fita. Sai ya yi loma uku ya ture kwano. Agogonsa yanzu yawo yake yi a hannu.

Shekaranjiya da hantsi ya sha maganinsa, bai karya ba, ya ce ya gaji da faten acha. Can sai gumi ya karyo masa, jiki na ɓari, magana ba kan gado. Ƙanena ya gwada sugarsa da na'ura, ta nuna 2.8. Wallahi a wannan halin ma Umma ta hana a ba shi suga, tana kuka tana cewa likita ya hana. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya ne ya shigo ya dama suga a ruwa ya ba shi, sannan ya dawo hayyacinsa.

Tambayata ga ma'aikatan lafiyar da ke zauren nan: haka ake yi? Ko mu ne ba mu gane takardar ba?

Hajiyar Layi: Subhanallahi. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Sista Mai Dare: Amin. Ƙanwata, kafin a shiga gardama ga na gaggawa. Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9 suga ya sauka ke nan, 2.8 kuwa ba abin wasa ba ne. In ya sake faruwa kuma yana iya haɗiya, ƙaramin cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba, a jira minti 15 a sake gwadawa, in ya dawo a ba shi abinci na gaske. In ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, sai asibiti. Kuma ku koma wurin likitansa cikin satin nan da ƙwayoyin da yake sha a hannu. Akwai irin su glibenclamide da ke sauke suga ko mutum ya ci ko bai ci ba, ga shi tsoho, ga shi ya rage ci. Kada dai ku dakatar da magani da kanku.

Likitan Ƙauye: Abin da Sista ta faɗa shi ne. Amma tunda na ga an fara ɗaura wa takarda ɗamarar laifi, bari in ɗan kare mu. Ranar asibitin masu suga ina ganin mutum saba'in, wani lokaci fiye, ni kaɗai. Ku raba awa shida da wannan adadin ku ga minti nawa kowa zai samu. A ciki zan duba awo, in duba ƙafa, in rubuta magani. Sa'annan ku da kanku kun san mutanenmu: in ka ce wa mutum "ka rage shinkafa", abin da kunnensa ya ji shi ne "likita ya ce ba komai". In ka ce "haramun, kada ka kusance ta", to shi ne zai rage. Da gangan wasunmu suke tsanantawa don a faɗo a tsakiya.

Uwar Biyu: Ranka ya daɗe, mu ba mu faɗo a tsakiya ba. Mun bi ta sak, ga inda ta kai mu.

Anti Mai Cima: Likita, da girmanka, wannan dabarar ciniki ce irin ta kasuwa, a ce dubu goma don a sallama a biyar. A kan lafiyar mutum ba ta da kyau, domin masu cutuwa da ita su ne masu jin magana. Mai kunnen ƙashi ya yaga takardar tun a bakin ƙofa, mai biyayya irin Baba shi ne ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Aikina ke nan shekara da shekaru, tsara wa marasa lafiya abinci, kuma babu abin da ya ba ni wahala irin maganar acha da alkama. Acha hatsi ce. Alkama hatsi ce. Duk su biyun suga suke zama a jini kamar dawa da gero da masara. Akwai ɗan bambanci tsakaninsu, ban musa ba, amma bai kai bambancin da ke tsakanin malmala ɗaya da malmala uku ba. Na ga mutumin da ya bar tuwon dawar gidansu, ya koma tuwon alkama mai laushi kamar auduga, yana cin malmala uku da zuciya ɗaya saboda an ce magani ne, sugarsa tana sha takwas. Abin da ke yin aiki shi ne yawan abin da aka ci, da yadda aka sarrafa shi, da abin da aka haɗa shi da shi. Hatsin da aka niƙa da dusarsa ya fi wanda aka surfe aka tankaɗe aka tace. Shi ya sa koko da kunun da aka tace suke saurin ɗaga suga, balle an zuba musu suga, alhali dambun da aka cika da zogale yana tafiya a hankali.

Ga Baba, abin da zan ce a gwada bayan an ga likita: tuwon da gida ke ci shi ma ya ci, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, miya mai yawa ta kuka ko kuɓewa ko ayoyo ko taushe, da wake ko kifi ko ƙwai ko awara ko 'yar tsokar nama. Sau uku a rana, a kan lokaci, kada a tsallake.

Kawu Direba: Dunƙulen hannu? Anti, wannan ai loma biyu ce da bisimilla. Mutum ya tuƙo mota daga Legas ki ce ya ci dunƙulen hannu?

Anti Mai Cima: Kawu, ai a zaune ka tuƙo ta, ba turo ta ka yi ba.

Kawu Direba: To na ji, an kashe bakina.

Baba Fansho: Salamu alaikum yara. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. Shekarata goma sha shida da wannan ciwo, kuma kafin in ajiye aiki ni ma duba-gari ne, na san kan asibiti. Ina cin tuwon dawa har gobe.

Abin da na yi ba wani ilimi ba ne. Kwanuka na juya. Kun san yadda ake fito wa maigida da abinci, babban kwano na tuwo, ƙarami na miya a kai. Na ce wa uwargida daga yau ƙaramin shi ne na tuwo, babban na miya. Sati biyu tana mita, wai za a ce tana yi min rowa. Sa'annan kafin tuwo ya iso ina fara cin kwaɗon rama ko na zogale, ko in yanka gurji da yalo, to ka ga ciki ya riga ya sami abin riƙewa. In na gama kuma ba na kishingiɗa, masallacin da ke can bakin titi nake zuwa isha'i, ba na ƙofar gida ba, tafiya da dawowa kusan rabin awa.

'Yata Uwar Biyu, ki gaya wa mahaifinki in ji ni, ya koma cikin abokansa. Zaman ɗaki shi kaɗai da kwano a gaba ya fi sugar saurin karya dattijo. Ba yunwa kaɗai ke ramar da shi ba.

Uwar Biyu: Baba na gode, Allah Ya ƙara girma. Na karanta wa Umma, ta yi shiru, can ta ce ita dai tsoro take ji kada ta kashe shi da hannunta.

Sista Mai Dare: Kun ji inda gizo ke saƙa. Wa aka yi wa bayani ranar sallama? 'Ya. Wa ke riƙe da muciya? Umma. Wa ke ba da kuɗin cefane? Wataƙila wani ɗa can daban. Mu kuma sai mu tsare mara lafiya a kan benci mu yi ta yi masa lakca, mutumin da rabonsa da shiga kicin tun yana yaro. Haka a wurin awo, a tara mata a ce su ci ƙwai da hanta da kayan marmari, su amsa da "to Sista", maigidan da zai sayo yana waje a kan babur yana duba agogo.

Ku zo ɗakinmu da yamma lokacin dubiya ku buɗe lokar gefen gadon mai suga. Lemon malt katan guda, madarar gwangwani, burodi, ayaba nono guda, wani har da zuma a galan. Duk ƙauna ce ta kawo su. Mai jinya kuma ba ta iya cewa a mayar, sai mun juya baya a buɗe masa ɗaya "don ya ji ƙarfi".

Maman Ilham: Yawwa Sista, zumar fa? Ni na ji an ce mai suga zai iya shan zuma tunda ba suga ba ce, waraka ce.

Anti Mai Cima: Zuma tana da albarkarta, ba mai musun wannan. Amma kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinta suga ce, kuma na'urar gwaji ba ta bambanta ta da ta kanti. Haka dabino, ƙwaya ɗaya ko biyu wani abu ne, cika tafi wani abu ne daban. Lemon malt da ake haɗawa da madara wai ƙarin jini, ba ya ƙara jini, wake da ganye da hanta su ne ke da sinadarin ƙarfen da jini ke so. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 ke nan, wato duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai lafiya ma ya wuce a yini guda.

Mai Kemis: Ai saboda haka ne gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo a dokar kuɗi ta 2021. Ku gaya min wanda naira biyar a kan kwalba ta hana shan lemo.

Ganye Waraka: ALBISHIRINKU masu ciwon suga da hawan jini!! Ingantaccen haɗi, warkewa har abada cikin kwana 21, ba sai ka ƙara shan ƙwaya ba. A tuntuɓe mu ta akwati.

Shugaban Zaure: Na cire shi. Karo na uku ke nan yana shigowa da sabuwar lamba. A ci gaba.

Likitan Ƙauye: Kafin a ci gaba, ku lura da abin da ya faru yanzu. Shi wannan ya yi wa mutane albishir, mu kuwa jerin haramci muke miƙa musu. Na yarda wannan ɓangaren namu ne. Amma Anti, ke a babban asibiti kike, kina da ofis da kujera da rabin awa ga kowane mutum. A ƙaramar hukumar da nake babu mai aikinki ko ɗaya. Wa zai zauna ya yi wa Umma wannan bayanin?

Anti Mai Cima: Ba sai ni ba, Likita. Ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya in an koya masa, kuma ba sai ɗaya bayan ɗaya ba. Mutum saba'in ɗin nan ai tun asuba suke zaune a benci suna jiranka. A ce kowa ya zo da mai dafa masa, a kawo kwano da malmala ta gaske a nuna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Likitan Ƙauye: "Ya zo da mai dafa masa" kuɗin mota biyu ke nan. Wasu ma ba za su bar matan su fito ba.

Anti Mai Cima: Sau ɗaya dai. Ya fi biyan kuɗin gadon asibiti sauƙi.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Ni ma'aikacin lahiya ne nan wajenmu, ku yi haƙuri da Hausata. Lambobinku na awon suga sun ɗan rikita ni da farko, mu nan da giram muke ƙirga, abin da kuke ce ma 7 in mutum bai karya ba, mu 1,26 muke cewa.

Abin da Anti ta hwaɗi mun gan shi ga tamowa. Shekarar 2005, lokacin da yunwa ta yi tsanani, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara nan jihar Maraɗi da abincin gyaɗa na leda, wanda uwa ke tahiya da shi gida ta ba ɗanta da kanta, ba sai an kwantar da kowa ba. Daga baya can Mirya, jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya ma uwaye auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai launi ukku: ja in bai kai santimita 11,5 ba, rawaya har 12,5, kore in ya wuce. Da farko wasu ma'aikata sun ce matar da ba ta yi lakkwal ba, wato boko, ina za ta iya. Ta iya, kuma yara suka riƙa zuwa da wuri kahin su galabaita. To in an amince ma uwa da wanga, mi zai hana a amince ma Umma da kwano da bayani?

Sista Mai Dare: Malam ka taɓo wani wuri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. Kuma sau da yawa gida ɗaya ne: kaka na da suga, jika na da tamowa, tukunya ɗaya. Ka hana wannan, ka ce a ƙara wa wancan, mace ɗaya ce za ta yi duka da itace ɗaya.

Kawu Direba: To bari in faɗi tawa ba wasa. Duk wannan wayar da kan da kuke ta faɗa, wanda ya ƙoshi ake yi wa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa ke zaɓen abinci? Abin da ka samu shi za ka ci. Ana maganar kifi da ƙwai, mutane na neman garin kwaki.

Mai Kemis: Kawu bai yi ƙarya ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga. Ni a kanti nake gani, mutum ya zo ya ce in ba shi maganin hawan jini na kwana biyar, sauran kuɗin na cefane ne.

Anti Mai Cima: Ban musa ba. Amma Kawu duba takardar da aka ba su. Me ta hana? Dawa da masara, mafi araha. Me ta halatta? Acha, wadda mudunta ya ninka na gero. Wato shawarar ce ma ta ƙara musu tsada. Abin da nake faɗa ya fi sauƙi a aljihu: wake, awara, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, rama, yakuwa, tafasa da damina, kabeji da karas da sanyi lokacin da suke banza. Don yara kuma ga haɗin nan da ake kira Tom Brown, awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa, a riƙa damawa. A dai tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar.

Kawu Direba: Zogalen ma yanzu a leda ake sayar mana. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya a ina zai shuka?

Anti Mai Cima: Nan kam ba ni da amsa, Kawu.

Maman Ilham: Ni gishirin ne ya dame ni. Maigidana ma yana da hawan jini. Da gaske sai an dafa masa lami? Ni dai in faɗi gaskiya magi shida nake sa wa miyar dare, mu takwas ne a gidan.

Anti Mai Cima: Ba lami ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini ga babba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan a shafe, kuma har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Ƙaramin dunƙulen magi wajen giram 4 ne, rabinsa ko fiye gishiri ne. Shida ke nan sun ba ki giram 12 ko fiye tun kafin ki ɗebo gishirin kansa, kuma na san kina ɗebowa. Raba wa mutum takwas, a miya ɗaya ba zai tsorata ki ba. Amma ƙara na rana, ƙara yajin da aka daka da magi ana barbaɗawa, ƙara farin magi, ƙara burodin safe da indomin yara da tsiren da ya ci a hanya. Kafin dare an ninka.

Kada ki ware masa tukunya. Ki rage wa gidan gaba ɗaya, a hankali: satin nan biyar, bayan sati biyu huɗu, kina ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Kuma kada ki yi shela, in kin faɗa sai kowa ya ce miya ta yi salam.

Hajiyar Layi: Wannan ta ƙarshen gaskiya ce tsantsa, na san halin mazan nan.

Amaryar Bara: Anti don Allah kanwa fa? Kwanana ashirin da haihuwa, kullum sai an dama min kunun kanwa kofi babba, Inna ta ce shi ke kawo ruwan nono ya gyara ciki.

Likitan Ƙauye: Kanwa 'yar uwar gishiri ce, sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini yana cikinta da yawa. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna maganar ta fi haka faɗi, akwai talauci da rashin cima da hawan jinin ciki a ciki. Duk da haka ni ba zan ba mai jego kanwa kullum ba, balle wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki. In kin ga kumburin ƙafa, ko haki, ko ba kya iya kwanciya sai kin tada kai da filo, kada ki jira arba'in.

Hajiyar Layi: Likita, haihuwata tara, duk da kunun kanwa na yi jego, ga ni nan garau. Komai sai ku ce al'ada ce ta jawo.

Likitan Ƙauye: Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Waɗanda ba su yi garau ba ba sa cikin zauren nan balle su ba da nasu labarin.

Hajiyar Layi: Kwanansu ne ya ƙare.

Sista Mai Dare: Amarya, ba sai kin yi faɗa da Inna ba. Ki ce a riƙa yi miki na gyaɗa ko na tsamiya, na kanwar ya zama jefi-jefi. Ruwan nono yawan shayar da yaro da cin abinci da shan ruwa ne ke kawo shi. Kuma ki je a gwada jininki, ko da ba ranar komawarki ba ce.

Af, tunda ana tonon silili, bari in tona namu. Jiya a aikin dare abincina indomi biyu da ƙwai a wurin mai shayin bakin geti, da lemo mai sanyi ƙarfe uku don kada barci ya ɗauke ni. Da safe ni ce na tsaya gaban marasa lafiya ina cewa a guji kayan zaƙi. Abokiyar aikina shekara biyu tana gwada jinin mutane kullum, ba ta taɓa ɗaura abin a hannunta ba sai ranar da jiri ya kwashe ta, aka samu 170 bisa 110.

Mai Kemis: Ni ma ina sayar da na'urar, ban san nawa ba.

Shugaban Zaure: To Mai Kemis, ka gwada ka turo mana hoto kafin la'asar, in ba haka ba kai ma in cire ka.

Uwar Biyu: Salam 'yan zaure, na dawo da bayani bayan kwana biyar. Mun koma asibiti, wannan karon da Umma. Wani likita muka samu daban, ya duba ƙwayoyin, ya canza ɗaya, ya ce lallai ba ta dace da mai shekarun Baba da ba ya cin abinci sosai ba. Umma da na zaci ba za ta buɗe baki ba, ita ta yi ta jero tambayoyi, har da ko zai iya cin ɗanwake. Na ga likitan yana satar kallon layi, amma ya amsa.

Daren jiya an yi tuwon dawa miyar kuka da wake, tukunya ɗaya da kowa, magi uku maimakon biyar, ba wanda ya ce uffan. An juya kwanuka yadda Baba Fansho ya ce. Baba ya fita ƙofar gida. Awa biyu bayan ya ci muka gwada, 9.4. Yayi ko bai yi ba?

Anti Mai Cima: Ya yi. Ƙasa da 10 awa biyu bayan cin abinci ake nema ga yawancin masu suga. Ku riƙa rubutawa a littafi, da abin da ya ci da lambar, ku tafi da shi ranar komawa.

Uwar Biyu: Alhamdulillahi. Sai dai an sami sabuwar matsala. Abokinsa na jikin gidanmu ya ga ɗan kwanon tuwon, bai ce komai ba, ya tura yaro gida. Sai ga malmala biyu na tuwon shinkafa an kawo, wai a ƙara wa Malam, ciwo ba ya son yunwa. Ƙanena ya ce Baba ya ci rabin ɗaya don kada ya ji kunya.

Baba Fansho: Wannan aikin ba na ku ba ne, 'yata, ba kuma na mahaifiyarki ba. In ƙanenki zai iya, ya kira lambar jikata bayan magariba ya sa a amsa-kuwwa a tsakiyarsu. Ni zan yi wa mutumin magana, tsoho da tsoho.

Amaryar Bara: Sista na je an gwada, 150 bisa 95. Sun ce in dawo jibi. Yaya zan gaya wa Inna?